Zama a Birnin Shehu: Amsoshin Tambayoyin Masu Zuwa Aikin Bishara a Sakkwato

Duk shekara in an yi sauyin wuraren aiki, wayar gidanmu ba ta hutawa. Wanda aka turo Sakkwato zai kira maigidana ya tambayi yawan masu zuwa sujada da halin da ginin majami'a yake ciki. Daga nan sai matarsa ta karɓi wayar ta ce a ba ta Mama, kuma a nan ne tambayoyin gaske suke fitowa: ruwa, zafi, cefane, maƙwabta, da ko gaskiya ne abin da ake faɗa a kan garin. Ni Bahaushiya ce daga ƙasar Malumfashi, a gidan masu bi aka haife ni, kuma shekararmu tara ke nan a nan. Na gaji da maimaita zance ɗaya har kati ya ƙare, shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda, kusan yadda ake yi mini su.

Mama, da gaske zafin Sakkwato ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai, har ya ɗara. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'auni yakan wuce digiri 40 da rana, kuma dare ba ya kawo sauƙin da kika saba da shi a Jos ko Kafanchan. Bango yakan sha rana ya yi ta amayar da ita har asuba. A watannin nan kusan kowa a tsakar gida yake kwana, a kan tabarma, bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa. Ki zo da gidan sauro mai faɗi, ki sayi randa tun makon farko. Firiji sai da wuta, ita kuwa randa ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Idan ikkilisiyar da ta turo ku ta tambayi abin da za ta taimaka muku da shi, kada kunya ta sa ku ce ba komai. Ku ce sola da fanka.

Damina takan sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne, da hazo da ƙurar da ke shiga har cikin tukunyar miya, da sanyin asuba mai sa mutum ya manta an taɓa yin zafi. Leɓe da diddige su tsage, yara su yi ta tari. Man kaɗanya ya ishe ku.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: a yi wa kowa allurar rigakafin sanƙarau kafin bazara, kuma kada a cunkushe yara a ɗaki rufe lokacin zafi.

Yaya yininku yake, daga safe zuwa dare?

Kiran sallar asuba ne agogonmu, ba na ɓoyewa. Da shi muke tashi mu yi addu'ar safe da yara, kuma na ga hikimar hakan, domin duk aikin da ba a gama kafin hantsi ba to sai la'asar. Da sassafe ake shara, a tare 'yan ga-ruwa in famfo bai kawo ba, a kai yara makaranta. Maigidana yakan fita ziyara tun rana ba ta yi ƙarfi ba: asibiti, barikin soja, gidan wanda ya kwana biyu bai zo sujada ba. Daga azahar gari yakan yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Koyon waƙa, nazarin Littafi Mai Tsarki da taron Zumuntar Mata duk bayan la'asar muke sa su, a tashi kafin magariba.

Za ki lura ina ta cewa azahar, la'asar, magariba. Haka ake auna lokaci a nan. In kika ce wa tela ko mai gyaran famfo ƙarfe huɗu, ya ji, amma in kika ce bayan la'asar to ya riƙe. Ranar Juma'a kuma ki gama cefane kafin sha biyu, don hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai sukan cika da sahu, kasuwa ta yi sanyi sai an sauko.

Masu zuwa da zumuɗi sukan ɗauka kullum wa'azi za su yi ta yi daga wannan dandali zuwa wancan. In makonmu buhu ne, wa'azi bai fi tiya ɗaya ba. Sauran duk gaishe-gaishe ne, da zaman makoki, da barka, da raka maras lafiya layin ganin likita.

Ina jin Hausa sosai. Za ta ishe ni?

Za ta ishe ki, amma ki shirya a yi miki dariya, ke ma ki yi wa kanki. Ranar da na fara shiga kasuwa mai kayan miya ya ce mini, "Mi kika so?" Na tsaya ina tunanin yaushe na taɓa zuwa wurinsa har yake tambayar abin da na so a da. Ashe "me kike so" yake nufi. Namiji kuma "mi kaka so" za a ce masa. Fura hura ce, tafi tahi ne, fari hwari. Wannan ya zama wanga ko wagga, gidansa gidanai, yana nan kuma shina nan. Unguwa shiya ce, ɗan acaɓa ɗan kabu-kabu, waina masa, yakuwa kuwa sure.

Shawarata kada ki yi saurin kwaikwayo. Sakkwatanci a bakin baƙo na wata biyu kamar ba'a yake fita. Ki yi Hausarki, harshen zai lanƙwashe da kansa. 'Ya'yana yanzu in mun je gida Kirsimeti kakarsu takan ce a kawo mata tafinta.

Ina za mu sami gida, kuma wa za mu fara gaisarwa?

Idan majami'arku tana da gidan fasto a harabarta, an hutar da ku. Idan haya za ku kama, ku bar dattawan ikkilisiya su shige gaba, don da ɗan gari akan ci gari. Baƙi sun fi yawa a sababbin unguwanni irin su Mabera da Tsohon Filin Jirgi da kewayen bariki, ba cikin tsohon birni wajen Kanwuri ba. Ku gaya wa mai gida gaskiyar aikinku tun kafin a biya kuɗi. Wani zai ce ba ya so a riƙa taron sujada a gidansa, kuma gara ku ji haka a ranar farko da ku ji shi a bakin maƙwabta bayan wata uku.

Da kun sauke kaya, maigida ya sa babbar riga da hula, ya nemi dattijo ɗaya ya raka shi gidan mai unguwa. A cire takalmi, a durƙusa, a ce ranka ya daɗe, a faɗi suna da aiki ba tare da kwana-kwana ba. Ke kuma ki shiga gidajen da ke jikin katangarku ki gai da matan. Namiji ba ya shiga gidan aure sai an ce ya shigo, kuma ba ya miƙa wa mace hannu. Wannan ƙofa da aka rufe wa maigidanki a buɗe take gare ki, shi ya sa nake cewa matar mai bishara ta fi mijinta sanin gari.

Me ake ci? Yarana sun saba da doya da acca.

Doya tana zuwa daga kudu da tsadarta, acca kuwa sai dai a aiko muku. Nan ƙasar gero ce da dawa da shinkafar fadama. Amma ban taɓa ganin yaron da ya rame don ya koma cin abincin Sakkwato ba.

Da safe koko da ƙosai ne, ko masa da miya ko da sukari. Da rana, musamman a bazara, ba abin da ya kai fura da nono. Tuwo da tsakar rana a watan Afrilu azaba ne, amma in aka dama dawo da kindirmo aka saka 'yar ƙanƙara, sai ki ji jiki ya dawo. Ki sami Bafulatana ɗaya ki riƙe ta. Tawa tun shekarar farko take kawo mini, ta san ba na son wanda aka tsinka da ruwa, ni ma na san ranar da shanunsu suka yi nisa ba na yi mata ciniki. Abin da zan ja kunne a kai ruwan damu ne. Ki dama a gida da ruwan da kika yarda da shi, don yawancin ciwon cikin da ake ɗora wa nono na ruwa ne.

Da dare tuwo: na dawa, na gero, ko na shinkafa, da miyar kuka ko kuɓewa busasshiya da ta ji daddawa da man shanu. Sai abin da ban san shi ba sai da na zo nan, wato hoce. Da garin dawa ake yin sa, a gasa shi ya yi tauri, a ci da miyar sure mai tsami. Cin farko na ce wannan ai guzurin fatake ne. Yanzu in na kwana biyu ban ci ba sai na aika a nemo. Akwai kuma dambu da zogale, da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, da ɗanwake, da garau-garau, wanda shi ne ceton gidan fasto in wata ya yi nisa.

Nama ba ya wuya. Da yamma masu tsire da balangu sukan hura wuta a bakin titi, kilishi kuma ga shi nan. Za ki ga naman raƙumi a wurin mahauta, ki tambaya in ba kya so, in kina so kuma ki ba shi wuta sosai. Kifi yana fitowa daga gulbin Rima, ɗanye da banda. Albasa da tafarnuwa nan ne gidansu: lokacin da aka kwashe na fadama, ki sayi buhu ki baza a ɗaki mai iska, zai kai ki watanni. Tumatir da tattasai in sun yi araha a hunturu ki yanka ki shanya, rana kyauta ce. Yara kuwa da goruba da magarya da aduwa da muruci da soyayyar fara, sai kin riƙa ƙwacewa.

Naman alade da giya, ki bar su inda kika fito. Jihar tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, amma ko ba don doka ba, tukunyar da maƙwabciya take zargi ba za ta ƙara cin abin da ya fito daga cikinta ba.

In maƙwabta suka kawo abincin sallah ko naman layya, mu ci?

Wannan tambaya ta taɓa raba kan Zumuntar Mata a majami'armu har aka kai ta gaban dattawa. Akwai 'yan'uwa da lamirinsu bai ba su su ci naman layya ba, kuma ba na raina su. Mu dai a gidanmu muna ci, da godiya. Da Ubangiji ya aiki almajiransa, a Luka sura 10, ya ce su ci abin da aka sa a gabansu. Abin da ba na yarda da shi sam shi ne a mayar da kwano da abinci a ciki, ko a karɓa a zubar inda yaran gidan za su gani. Wanda ba zai ci ba ya karɓa da hannu biyu, ya yi barka da sallah, ya ba wanda zai ci.

Kwano kuma ba ya komawa wayam. Ko sabulu ne, ko 'yan kuɗin goron sallah ga yaron da ya kawo.

Da Kirsimeti ake ramawa, kuma ga inda baƙi suke kuskure. Maigida ya yanka kaza da hannunsa, a yi shinkafa a aika, sannan a yi fushi wai ba a ci ba. Mu mahauci Musulmi muke kira ya yanka mana akuya a ƙofar gida, a gaban kowa. Tun da muka fara haka, Hajiyar da ke bayan katangarmu takan aiko jikarta tun jajibere ta tambaya ko Maman coci ta fara suyar cincin.

Lokacin azumi fa?

Ba wanda ya ce ku yi, amma kada ku ci ko ku sha a kan titi da rana, kuma ku hana yara yawo da ledar ruwa a baki. Masu sayar da abinci da yawa ba sa buɗewa sai yamma, don haka mai fita ziyara ya karya a gida. Dab da shan ruwa kowa sauri yake, 'yan kabu-kabu sun fi kowa, gara a kauce wa titi. Bayan magariba kuwa ki tanadi kwanuka, kunun tsamiya da ƙosai za su yi ta shigowa. In azumi ya faɗo a bazara kuma kina da firiji mai sanyi, ƙanƙarar da za ki raba wa maƙwabta da yamma ba za a manta da ita ba.

Dole in sa hijabi?

A'a. Zane ko doguwar riga, ɗankwali, da mayafi a kafaɗa sun wadatar. 'Yan mata su bar wando matsattse da gajeren siket. Maza kuma kada su fita da gajeren wando ko singileti, ko da shagon ƙofar gida za su.

Su wa za mu tarar a majami'a? Akwai Kirista da yawa?

Tsiraru ne, amma sun fi yadda ake zato daga nesa. Za ku tarar da 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa waɗanda wasunsu a nan aka haifi iyayensu, da mutanen Zuru, da na kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, da sojoji da 'yan sanda, da ma'aikatan asibiti, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da 'yan bautar ƙasa da ake sallamowa daga sansanin Wamakko. Matsalar irin wannan garke ita ce ba ya zama. Ki koya wa yarinya jan waƙa shekara biyu, ranar da ta gwanance a yi wa babanta canjin wurin aiki. Sau da yawa akan yi sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci.

Yana da kyau ku san yadda aka faro. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma shekaru da dama gwamnatin mulkin mallaka ba ta barin 'yan mishan su zauna a manyan masarautu. Aikin jinyar kutare ne ya buɗe hanya: a ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta kama aiki a Amanawa, kudu da gari a kan hanyar Gusau. Katolika kuma limaman Dominikan daga Amurka ne suka kafa aikinsu a shekarun 1950, aka mai da Sakkwato cikakkiyar dayosis a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke riƙe da ita tun 2011. Nakan tuna wa sababbin zuwa cewa waɗanda suka riga mu da wanke gyambo suka fara, ba da lasifika ba.

Mama, ki gaya mini tsakani da Allah: akwai tsaro?

Zan raba miki shi biyu, don ba abu ɗaya ba ne.

Na farko 'yan bindigar daji. Sun addabi gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da kuma wasu yankunan iyaka da Nijar kamar Tangaza da Gudu. Waɗannan ba sa tambayar addini, kuma yawancin waɗanda suka kashe ko suka kora daga gonakinsu Musulmi ne talakawa. Za ki ga matansu da 'ya'yansu a cikin gari suna neman abin kai wa baki. Dokarmu ita ce ba tafiyar dare, ba tafiyar asubar fari, kuma kafin a ɗauki kowace hanya a tambayi direbobin tasha, don sun riga rediyo sani.

Na biyu maganar addini. A watan Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba Kirista a garin nan bisa zargin ɓatanci, aka yi zanga-zanga, aka taɓa wasu majami'u da shaguna, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan. Muna nan lokacin, kuma ba zan ce miki ban ji tsoro ba. Zan kuma gaya miki cewa a kwanakin nan maƙwabcinmu, wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci, shi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu ya zauna, matarsa kuma ta riƙa miƙo mana cefane ta kan katanga. Duka biyun Sakkwato ne.

Abin da muke koya wa matasanmu ba boyayye ba ne. Baki shi ke yanka wuya, yanzu kuma har da yatsa. Ba a taɓa Annabin Musulunci ko Alƙur'ani da magana, ba a fili ba, ba cikin raha ba, ba a zauren WhatsApp na aji ba. In an tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa a natse. In gardama ake nema, ka ce Allah ya ba mu alheri ka tashi. Lasifikar majami'a kuma a juya ta ciki, a rage ta lokacin da ake sallah a kusa.

In mun sami hutu, me za mu je mu gani a cikin gari?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma ita ce aka fi ƙarancin yi mini. Na san ma'aikatan da suka yi shekara biyar a nan ba su san komai ba sai hanyar majami'a da ta kasuwa. Ta yaya za ka zauna cikin mutane ba ka san abin da suke alfahari da shi ba?

Ku fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Sunan wazirin Sakkwato ne masani, wanda ya rasu a 1997, kuma a ciki akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da Larabci da ajami, da wasiƙu, da makamai da kayan sarauta. Ku nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku yana bayani. Daga nan sauran wuraren za su yi muku ma'ana.

Sai fadar Sarkin Musulmi, inda Muhammadu Sa'ad Abubakar yake tun 2006, shi ne na 20 a jerin, kuma shi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa suke jagorantar majalisar tuntuɓa tsakanin addinai. Ko daga waje kuka tsaya kuka ga dogarai da jajayen rigunansu da masu algaita, yara sun sami labari. Ba nisa daga nan akwai masallacin Shehu da na Bello.

Hubbaren Shehu kuwa ba wurin yawon shan iska ba ne. Nan ne kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya taso daga Sifawa ya dawo garin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809, ya rasu a 1817. Mutane suna zuwa ziyara daga nesa, har daga Nijar. Ku tafi da ɗan gari, ku faɗi ko ku su wane ne, a cire takalmi, mata su rufe kai, a nemi izini kafin a ɗaga waya, kuma inda aka ce ku tsaya ku tsaya. Ni abin da ya kai ni Nana Asma'u ce, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 kuma tana kwance kusa da mahaifinta. Ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma shirya 'yan taru: takan naɗa mace jaji ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauye ta koyar da mata karatu ta hanyar waƙa. Da na ji bayanin nan sai na ga tsarin Zumuntar Mata tsaf, shekaru aru-aru kafin tamu.

Akwai labari ɗaya da maigidana ba ya gajiya da ba baƙi. A 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, ya iso fadar Bello. Cikin hira sai Bello ya shiga tambayarsa wane reshe na Kiristanci mutanensa suke bi, yana ambato tsofaffin ɗarikun Kirista da sunayensu, har Baturen ya rasa ta cewa sai dai ya ce shi ɗan Furotesta ne. Mutumin ya sake dawowa, ya rasu a nan a 1827. Maigidana yakan ƙare da cewa duk mai zuwa garin nan da tunanin zai tarar da waɗanda ba su yi karatu ba, to ya makara da shekara ɗari biyu.

In kun bi ta Giginya, wajen filin wasa, a nan ne aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Daga nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, har aka kashe shi a Burmi a cikin wannan shekarar. Da yamma kuma ku fita bakin gadar gulbi ta hanyar jami'a. A tsakiyar rani, gari duk ya yi fari fat, sai ga fadama kore shar da albasa da shinkafa da masu ban ruwa.

Wajen gari fa?

Argungu ce ta fi sauƙi, kusan kilomita 100, a jihar Kebbi. Akwai gidan tarihi na Kanta, akwai kuma Matan Fada inda ake bikin kamun kifi da aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Ba kowace shekara ake yi ba, in kun ji an sa rana kada ku bari ya wuce ku. Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake, da Degel inda Shehu ya yi zamansa kafin hijirar 1804, da kufan Surame mai ganuwar dutse, da madatsar ruwa ta Goronyo, duk sun cancanci gani, amma a 'yan shekarun nan sai an tambayi halin hanya a ranar da za a tafi, ba a makon da ya wuce ba. Mu mun taɓa shirya zuwa Wurno har na soya kaji, direba ya zo da safe ya ce a bari. A tsakar gida muka cinye.

Kuɗin da ake ba mai bishara zai riƙe mu?

Da ƙyar, sai in kina da sana'a. Ni zoɓo da kunun aya nake yi a bazara, ina kuma kiwon jajayen awaki uku a bayan gida. Akuyar nan ba ta da cin rai, tana haihuwa da kyau, kuma in kuɗin makaranta ya taso ɗa guda ya fitar da ke. Da kaka ki sayi gero da dawa da wake na shekara in da hali, kafin farashi ya tashi. Baikon godiya ma wani lokaci da hatsi da kaji yake zuwa. Ki kuma ware kwano ɗaya a kowace tukunya, don gidan fasto tasha ne: ɗan bautar ƙasa da ya sauka da dare, mai jinya daga Zuru da ya kawo maras lafiya asibitin koyarwa, almajirin da ya saba da ƙofarki.

In za mu je gida hutu, wace tsaraba za mu kai?

Kilishi ga kowa, albasa ga surukai, tafarnuwa ga mai hawan jini. Sai kayan fata. Fatar jar akuyar nan ita ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, suka sa mata sunan can. Ku je wurin dukawa ku sayi takalmi da jaka da titimi, a yi ciniki a natse, kada a nuna gaggawa. Ni na kai wa wani baduku tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata, bangonsa duk ya zazzage, na ce ya ɗinka masa riga. Ya juya shi ya duba, ya tambaye ni ko littafin addininmu ne, na ce shi ne. Sai ya tashi ya wanke hannu, ya auna, ya ce in dawo bayan la'asar ranar Alhamis.